Neman Yaya Bawa a Ƙofar Filin Ƙwallo

Tun da na dawo daga Legas ban huta ba. In na buɗe injin niƙa da safe, kafin mai dawa ta farko ta sauke kwanonta an cika bencin ƙofa, ana "Dantani, ba mu labari." Ranar Lahadi ma a coci, ana tsakiyar sanarwa wani dattijo ya taɓo ni ta baya yana raɗa, wai da gaske ne na yi bara? To na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda ya ɗauki labarin daga bakina sai ya zuba masa gishirin da ya fi nawa, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Ga shi nan a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in yi niƙana.

Da farko ku sani, daga Zuru har Wasagu babu mahalukin da ya kai ni sanin ɓarawo. Ni ɗan soja ne, jikan soja, ƙanin soja. Gaskiya ne sau uku na je ɗaukar soja ana dawo da ni saboda tafin ƙafata a shimfiɗe yake kamar faranti, amma ai jini ba a tafin ƙafa yake ba. Tafiyar mugu kawai nake gani daga nesa in faɗa maka abin da ya sata jiya. A wurin mai shayi, gaban mutum ya fi goma, na bugi ƙirji na ce Legas ɗin da ake tsorata yara da ita kwana biyu zan yi mata, in shiga in fito da abin da na je nema, ita ba ta ma san na zo ba.

Abin da na je nema kuwa mutum ne, yayana Bawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan ya bar soja da rauni a gwiwa ya samu gadi a wani kamfani a Legas, yana aiko saƙo, yana kira duk ƙarshen wata. Sai kira ya ragu, sai lamba ta daina shiga. Shekara shida ba mu san ko yana raye ba. Ana haka 'yarsa Saratu, malamar firamare, ta samu miji, wani yaron kirki ɗan Danko, aka sa biki bayan girbi. Ranar nan Oga Emeka mai shagon kayan babur ya dawo daga saro kaya, ya kira ni bayan kanta ya ce ya ga Bawa da idonsa, daga cikin mota, a wajen babban filin ƙwallo, cikin masu bara. Da Saratu ta ji, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba Dantani, da na ɗauka ya mutu, kai za ka ba da ni. Yanzu da na san yana da rai, ba zan shiga coci ba sai da shi." Wanda ya san Saratu ya san magana ta ƙare. Saura sati biyar biki.

Oga Emeka ne ya yi mini huɗubar tafiya. "Dantani, ji ni da kyau. Legas ba Zuru ba. Kar ka saka kaya mai kyau. Kar ka tsaya duba dogon gida. Mutum ya gaishe ka kar ka amsa, ba gaisuwa yake ba, awo yake."

Ni kuma in aka ce in sa gishiri, buhu nake juyewa. Na ajiye kaftanin Kirsimeti, na ɗauko kayan aikina na injin, waɗanda gari ya shiga zarensu har in na yi atishawa sai an kare ido. Silifa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi. Hula wadda ɓera ya ɗanɗana. Maimakon jaka, buhun taki. Matata Ladi ta ɗinka mini aljihu a cikin wando ta ciki, tana ɗinki tana girgiza kai. Waya na naɗe ta a leda na cusa ƙasan buhu, tare da wani ƙaramin hoton Yaya cikin kaki da wani ƙunshi da Saratu ta ba ni ta ce in miƙa masa hannu da hannu.

Hanyar Zuru zuwa Kontagora ba sai na gaya muku ba. Akwai ramin da muka shiga bayan Rijau, sai da direba ya kunna fitila. A Kontagora na shiga babbar mota, aka ba ni kujera kusa da wani mutum mai kwat da tabarau, ya rungume wata jakar fata a ƙirji. Kallo ɗaya na yi masa na ce a raina, sannu da aiki, maigida. Ido na yawo, ba ya magana, in na motsa ya motsa. Irinsu ne masu sa kwat don a sake da su. Na jawo buhuna na ɗora a cinya na haɗe hannu a kai. Aka tsaya a Mokwa kowa ya sauka cin abinci da kama ruwa, shi bai sauka ba, don haka ni ma na ƙi sauka. Marata ta cika har ina jin ta a haƙori, amma na ce ɗan soja ba ya barin bakin aiki.

Gadar Jebba ita ce iyakarmu da ba a tambayar fasfo. Ka haye ta, sai ka ga hula ta fara karkacewa gefe, rufin gidaje ya koma ja, gaisuwa ta koma faɗa. Kafin gadar akwai shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko. Ina saukowa sai na ga mai kwat ya nufi wani kofur da sauri yana nuna ni da yatsa.

"Ofisa, wancan mutumin. Tun Kontagora yake kallon jakata. Ko fitsari ban yi ba saboda shi."

Jama'a suka dare suka bar ni tsaye ni da buhuna. Kofur ya tako a hankali, ya dube ni daga silifa zuwa hula, sai ya fashe da dariya har bindiga na rawa a kafaɗarsa. Ya gaishe ni da yarenmu na C'lela. Ashe mutumin Manga ne, nan kusa da Zuru, matarsa ma a wurina take niƙa. Dama na sha faɗa, duk shingen soja da ka gani a ƙasar nan ka yi gaisuwa da yarenmu, wani zai amsa daga bayan buhun yashi. Mai kwat kuwa tsohon hedimasta ne za shi Ibadan ganin jika, kuma abin da ke jakar maganin hawan jini ne da kilishi. Muka ruga bayan wata bishiya tare, ni da ɓarawona, muka dawo abokai. Kilishin nan kafin Ilori mun ga bayansa.

Masaukina a Legas wurin wani Alhaji ne mai albasa, mutumin Yawuri, wanda Oga Emeka ya haɗa mu. Mutumin kirki, sai dai ɗakin baƙinsa shi ne ɗakin ajiyarsa. Kwana uku na yi a kan buhunan albasa, na zubar da hawayen da ban zubar ba ranar rasuwar kakata. Abin da ya fi ba ni mamaki a garin nan, komai na sayarwa ne. Ruwan wanka saye, bayan gida saye, inuwa ma in ka daɗe a cikinta wani zai zo ya ce tasa ce. Kuma kowa gudu yake. Mu a Zuru in ka ga babba na gudu to ko saniya ta ɓalle ko gobara. Na tsaya na tambayi wani abin da ya faru, ya ce aiki za shi.

Filin ƙwallon kuwa, in aka ɗora shi a kan Zuru sai an nemo wasu ƙauyuka a cika. Amma ba ginin ne ya tsayar da ni ba, garin da ke kewaye da shi ne. Ƙarƙashin gadar sama da ta wuce ta gabansa, da jikin katanga, da ƙasan matakala, duk mutane ne ke zaune. Kwali shi ne katifa. An shanya wanki a jikin waya. Wata mata na yi wa 'yarta kitso, wani na aski da guntun madubi, wani ya jera takalmansa biyu a bakin kwalinsa kamar mai ƙofar ɗaki. Makafi a jere ta wannan gefe, guragu a kan katako mai tayoyi suna ratsa motoci da gudun da ko ɗan acaɓa sai ya sara musu. Rabinsu Hausa suke yi. Na zagaya sau biyu ina leƙen fuskoki, ina matsawa kusa duk sanda na hango mai furfura. Babu Yaya.

A zagaye na uku wasu ƙarti uku suka tare ni a wani lungu, idanu jajaye, ɗaya da tabo daga kunne zuwa baki. Mai tabon ya miƙo hannu yana wani Turanci da ban kama ko kalma ɗaya ba, amma hannu ai ba ya buƙatar tafinta. Na ji aljihun da Ladi ta ɗinka yana zafi kamar garwashi. Na tattaro jinin soja na zuba masa ido. Can sai na ji wani ya busa usur daga nesa, su uku suka waiga, suka kalli juna, suka buɗe mini hanya. Na ƙarshensu har ya danƙa mini ledar ruwan sanyi. Na koma wurin Alhaji na ba shi labarin yadda na kori mutum bakwai da ido kawai.

Washegari ranar wasa ce, jama'a kamar an fasa gidan tururuwa. Na ce yau tambaya zan yi. Kusa da babbar ƙofa na ga wani dattijo makaho, fari tas da gemu, zaune a kan buzu da ƙoƙo a gabansa, yana addu'a da Hausa. To ku kun san tarbiyyarmu. Ba a yi wa dattijo tambaya a tsaye, kuma ba a fara ta da abin da ya kawo ka. Na cire silifa, na durƙusa a gefensa, na tuɓe hula na riƙe ta a hannu, na shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zaman haƙuri, ya muka ji da zafi. Shi ma mutumin arziki ne, yana amsawa yana ƙara tasa. Ina cikin tambayarsa labarin damina a garinsu sai na ji abu ya sauka a hulata. Na duba, takardar kuɗi. Kafin in ɗaga kai wata ta biyo. Wata mata mai ƙiba ta tsaya ta dube ni, ta dafa ƙirji ta ce wani abu da Yarbanci cikin tausayi, ta sake tata.

Ni kuma bakina da ba ya shawara da ni, sai ji na yi ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Dattijo ya tsaya cak. Ya karkato kunne.

"Kai! Wa ke cin kasuwata?"

"Baba, ba haka ba ne, gaisuwa ce..."

"Gaisuwa da hula buɗe? Shekarata tara a wurin nan! Jama'a, ga wani ya zauna mini a ƙofa!"

Ban san daga ina suka fito ba. Ƙarar tayoyi kawai na ji, sai ga ni a tsakiyar guragu shida, kowanne damtsensa ya yi cinyata. Ba wanda ya taɓa ni. Ɗaya ya ce cikin ladabi, "Malam, Sarki na kira." Haka aka raka ni ƙarƙashin gada, silifa a hannu ɗaya, hula da kuɗin mutane a ɗayan, 'yan kallon ƙwallo na ba mu hanya.

Sarkin mabaratan wani gurgu ne mai faɗin kafaɗa, mutumin Argungu, zaune a keken guragu an kafa masa lema, da rediyo a cinya. Ya rage muryar rediyo ya dube ni.

"Wanga bawan Allah, wa ya ba ka wurin Malam Ummaru?"

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba ni. Ni ba bara na zo ba."

"To mi ke cikin hulag ga?"

Na miƙa hular, aka juye ta a ƙoƙon Malam Ummaru, wanda aka jawo shi yana ta huci. Sarki ya yi mini bayani kamar mai karantar da sabon ɗalibi. Nan kowa da wurinsa. Ƙofar gaba ta makafi ce, su suka riga kowa. Bakin titi na masu taya. Mata da masu goyo suna gefen masu abinci, inda ido ke kansu. Baƙo in ya zo, Sarki yake fara gaisarwa, a ji daga ina yake, a ba shi wuri can baya wajen kwata har a ga halinsa. Wanda ya yi sata ko ya zagi mai bayarwa, ya bar wurin ranar.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni fa mai sana'a ne. Injin niƙa gare ni a Zuru, har biyu."

Wurin ya ɗauki dariya, har Malam Ummaru.

"Kowa nan shina da injin niƙa gida," in ji Sarki. "Wancan da ka gani, tirela ukku gare shi."

Sai na tsuguna na kwance buhu, na tono hoton Yaya na miƙa. Na faɗi sunansa, na faɗi na 'yarsa, na faɗi ranar biki. Hoton ya zagaya hannu zuwa hannu. Dariya ta ɗauke ɗif. Wata mata ta kalli hoton ta kalli Sarki ta sunkuyar da kai, a nan na san sun san shi.

"Yana ina?" na ce. "Don Allah ku kai ni."

Sarki ya miƙo mini hoton. "Ba a hakanga nan. Wanda duk ka gani ƙarƙashin gadag ga, akwai abin da ya baro. Wani ɗan'uwa ke nema nai, wani maƙiyi, kuma dukansu da hoto suke zuwa. Ba mu nuna mutum sai shi ya so. Ka tai. Gobe da hantsi ka zauna rumfar Iya mai amala, ga ta can. In akwai mai son ganin ka, shi zo. In rana ta take ba ka ga kowa ba, ka hau mota, kuma kada ka ƙara tambaya."

Ban taɓa jin hukuncin da ya yi mini ɗaci kuma na rasa ta inda zan ce ba daidai ba ne kamar wannan.

Tun kafin Iya ta gama hura wuta ina bencinta. Ta zubo mini amala, wani tuwo baƙi mai santsi kamar an dafa damina, da miya koriya mai yauƙi da suke ji da ita. Na ɗanɗana, ashe lalo ne, lalon da ke tsirowa bayan gidanmu ba mai ce masa sannu. Sai dai barkonon da ke ciki zai iya tayar da injina ba mai. Ina ci ina haddace jawabin da na shirya, mai ayoyi bakwai da karin magana huɗu. Hantsi ya yi. Inuwar rumfa ta fara janyewa. Na ture kwanon gefe. Me zan je in ce wa Saratu?

Wani ya zauna a gefena, ya yi wa Iya magana da Yarbanci ta amsa tana dariya. Riga ce a jikinsa tsohuwa amma wankakkiya, da kari kamar an goge, usur rataye a wuya. Ya rame, kai ya yi fari. Bai dube ni ba ya ce da yarenmu:

"Dantani, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya."

Ya sauke numfashi. Sannan ya juyo ya ƙare mini kallo. "To injin ne ya ƙone?"

"Lafiyarsa lau. Dabara ce, don ɓarayi."

"Dabara." Ya girgiza kai. "Shekaranjiya na gan ka kana zagaya fili kamar akuyar da ta ɓata. Na bi ka a baya ina cewa wannan mahaukacin kama yake da ƙanina. Da ban busa usur ba, da yaran nan sun tuɓe ka har wandon da kake ta dafawa. Duk Legas ta san inda kuɗinka yake."

Jawabina ya bi iska, ayoyi da karin magana duka. Shi ya yi maganar, yana kallon titi. Kamfani ya rufe. Mai gida ya fitar da kayansa. Ya zo nan ya kwana biyu kafin ya samu wani gadin, kwana biyu suka zama abin da suka zama.

"Na miƙa hannu, Dantani. Kada wani ya gaya maka ban yi ba. Wata huɗu ina miƙa shi."

Sai wata rana wasu suka fizge ƙoƙon Malam Ummaru a gabansa, gwiwa ko ba gwiwa ya kama biyu ya haɗa kawunansu. Tun ranar Sarki ya rataya masa usur. Shi ke raka makafi tsallaka titi, shi ke tsayawa wajen mata, ranar wasa ya yi gadin motoci. Su kuma suna ciyar da shi daga abin da suka samu. Yana kwana a ƙasan matakala. Rigar ma a ƙarƙashin kwalin yake ninke ta ya kwanta a kai, shi ne gugar.

Na gaya masa zancen Saratu da abin da ta ce. Ya murza usur ɗin da ke wuyansa, ya ce:

"Hotona na kaki yana nan a bangon ɗaki?"

"Yana nan, Yaya."

"To ku bar shi a bangon, ya fi ni kyan gani. A Zuru kowane soja da abin da yake komawa da shi, wani gida, wani mota, wani akwatin gawa da tuta. Ni da leda zan sauka a tasha? Kai ka ba da ita. Ka ce ba ka gan ni ba."

Ya yunƙura zai tashi. Na rasa abin yi, sai na tuna ƙunshin Saratu. Na tono shi na ɗora masa a cinya. Ya kwance tsumman, sai ga zangarniyar dawa guda ɗaya, ja, cikakkiya.

"Daga gonarka ce ta Manga," na ce. "Yaron nan da zai aure ta, shi ya ce ko da yake yanzu an daina matsa wa samari, shi sai ya yi golmo, ya yi wa surukinsa noma kamar yadda kakanni suka yi, ko surukin na nan ko ba ya nan. Damina biyu yana kwaso abokansa daga Danko. An cika rumbu an liƙe. Saratu ta ce ba mai fasa shi sai mai gonar."

Yaya ya koma ya zauna. Ya juya zangarniyar, ya murza, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza.

"Ta wane gefe aka shuka wannan?"

"Daga gindin dutse har fadama."

"Har fadama? Dawa a fadama? Wane sakarai ne ya ce su yi haka?"

"Surukinka."

"Huɗar fa, gicciye suka yi ta ko bin gangare?"

"Yaya, ni niƙa na sani."

"Duwatsun da Baba ya jera don tare ruwa, suna nan ko sun kwashe?"

"Ina jin sun ɗan matsar da wasu."

"Sun matsar!" Ya miƙe tsaye har Iya ta waigo. "Damina ɗaya ruwa zai wanke ƙasar nan ya kai ta Yawuri! Shekara nawa Baba ya yi yana jera su? Kuma kai kana gari, kana kallo!"

Ya yi ta faɗa, idonsa na zubar da ruwa, yana cewa barkonon Iya ne, alhali ko loma bai kai ba. Da ya gaji ya naɗe zangarniyar a tsummanta ya sa a aljihun riga.

"Zan je in ga ɓarnar da suka yi. Sati biyu, in dawo."

Sallama da Sarki ta fi neman biza wuya. Sai da aka zauna aka tattauna wanda zai riƙe usur, aka ba wani tsohon direba mai hannu ɗaya da murya kamar hon. Da za mu tafi, matar nan da ta sunkuyar da kai ta kawo turmin atamfa sabo a leda, wai gudunmawarsu ce ga amarya. Na buɗe baki zan ce a'a, ku da kuke nema, Yaya ya take mini ƙafa da ƙarfin da har yau yatsan bai daidaita ba. Na karɓa da hannu biyu. Malam Ummaru ya laluba ya kama hannuna ya ce ya yafe, kuma in injin ya taɓa tsayawa in dawo mu haɗa jari, don bai taɓa ganin hula mai farin jini irin tawa ba.

A hanyar dawowa farin ciki ya ɗebe ni. Da aka tsaya a Ibadan na ce yau sai na ci abin da ban taɓa ci ba, na sayi farfesun dodon koɗi, kwano biyu, Yaya na cewa kada. Tun kafin Ilori cikina ya fara taron siyasa. Sau nawa aka tsayar da mota saboda ni, fasinjoji sun ce tara, ni na ƙirga arba'in. Yaya ne mai roƙon direba, shi ne mai riƙe buta, shi ya nemo mini ruwan gishiri da sukari a Mokwa. Silifana shuɗin ma a wani daji na baro shi, ban da ƙarfin komawa nema.

Biki dai yawancinku kun ci shinkafarsa, ba sai na ba ku labari ba. Kun ga amarya da atamfar, ko da yake ba ku san inda ta fito ba sai yau. Kun ji yadda Yaya ya tsayar da ango a gona rabin yini yana mayar da duwatsu kafin ya fasa rumbu. Sati biyunsa kuma yanzu sun shiga wata na huɗu, kullum sati mai zuwa zai koma, sai dai duk Juma'a yana karɓar wayata ya kira Sarki ya ji lafiyar mutanensa.

Abin da ba ku gani ba shi ne saukarmu a tashar Zuru. Na yi waya tun daga Kontagora, don haka Saratu da Ladi na tsaye suna jira. Yaya ya fara sauka, rigarsa da karinta, buhuna a kafaɗarsa, atamfa a hammata. Sannan ya juyo ya tallabo ni ya sauko da ni a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, ido ya faɗa, ina rataye a wuyansa. Saratu ta zube a gabansa ta riƙe gwiwoyinsa, shi kuma ya ɗora hannu a kanta. Ni kuma na tattara ɗan sauran numfashina na ɗaga murya yadda 'yan tasha za su ji, na ce, "To, ga shi nan. Na ce zan kawo shi, na kawo shi."

Ladi ta durƙusa ta gaida Yaya, ta karɓi buhun. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban Talatu, ka dai yi wa Yaya godiya da ya dawo mana da kai ko?"